Hukuncin da ba alƙali ya yanke ba: fursunoni da rukunin tsaron da ake sa su

Da yammacin 22 ga Oktoba 1966, wani fursuna mai suna George Blake ya haura katangar gidan yarin Wormwood Scrubs da ke Landan da tsanin igiya, wanda aka yi matakalarsa da ƙarafunan saƙa irin na masu saƙa rigar sanyi. Blake jami'in leƙen asirin Birtaniya ne da aka samu da laifin miƙa wa Tarayyar Sobiyet asirin ƙasarsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 42 a 1961, amma bai cika ko shekara shida ba ya sulale, ya ƙarasa Mosko, inda ya zauna har mutuwarsa a 2020. Kafin shi, biyu daga cikin gungun da suka yi wa jirgin ƙasan gidan waya fashi a 1963 sun riga sun tsere, Charlie Wilson a 1964, Ronnie Biggs kuma a 1965. Kunya ta ishi gwamnati, sai ta ɗora wa Lord Mountbatten, tsohon babban hafsan tsaron ƙasar, alhakin binciko inda baraka take, kuma daga rahoton da ya miƙa a watan Disamba na 1966 aka samo tsarin da Ingila da Wales ke bi har yau, wato raba fursunoni maza manya zuwa rukuni huɗu.

Rukunin A na wanda tserewarsa za ta zama babban haɗari ga jama'a ko 'yan sanda ko tsaron ƙasa ne, kuma manufa a kansa ita ce a toshe duk wata kafar gudu. Rukunin B na wanda bai kai can ba amma dole a sa gudu ya yi masa wuya ƙwarai. Rukunin C na wanda ba a amince a sake masa mara ba tukuna, sai dai ba a ganin yana da hali ko niyyar yunƙurin tserewa. Rukunin D kuwa na wanda aka yarda da shi har a ajiye shi a buɗaɗɗen gidan yari, inda wasu ke fita aiki da safe su dawo da yamma.

A takarda, wannan rabe-rabe sha'anin gudanarwa ne kawai, kamar yadda shugaban makaranta ke raba ɗalibai aji-aji. Ga wanda abin ya faɗa wa kuwa, harafin da aka rubuta a fayil ɗinsa shi ne rayuwarsa. Shi ke nuna gidan yarin da za a kai shi, ko da tafiyar yini guda ce daga iyalinsa. Ɗan rukunin A yana zama ne a ɗaya daga cikin 'yan gidaje masu tsananin tsaro irin su Belmarsh da Frankland da Full Sutton da Wakefield da Whitemoor, ana tantance masu ziyararsa kafin a bar su su gan shi, ana sa ido a kan wasiƙunsa da wayarsa, ana yawan caje shi da ɗakinsa. Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne batun saki. Wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai a Ingila yakan sami mafi ƙarancin wa'adi daga alƙali, idan ya cika shi sai hukumar sakin fursunoni bisa sharaɗi ta duba ko za a iya yi masa sakin talala. Hukumar nan da wuya ta saki mutumin da ba a taɓa gwada shi a wuri mai sassauci ba, shi kuma ba zai kai wuri mai sassauci ba sai an sauko da shi daga rukunin A. Ta haka ne shawarar da wani jami'i ya yanke a ofis, ba tare da ya ga fuskar fursunan ba, take iya ƙara masa shekaru a kan abin da alƙali ya ambata a bainar jama'a. Dalilin da ya sa maganar ta kai kotu ke nan, kuma a ganina ta cancanci kaiwa.

Kotunan Ingila sun daɗe suna ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi bayan katanga, suna ganin cewa tafiyar da gidan yari aikin gandirobobi ne da ministan da ke kansu. Sauyi ya fara bayyana a ƙarshen shekarun 1970, sannan a shari'ar Raymond da Honey, a farkon shekarun 1980, Mai shari'a Lord Wilberforce ya kafa ƙa'idar da har yanzu lauyoyin fursunoni ke farawa da ita, cewa wanda aka ɗaure yana riƙe da dukkan haƙƙoƙinsa na ɗan ƙasa in ban da waɗanda doka ta ƙwace a fili ko waɗanda ɗaurin kansa ya tilasta ƙwacewa. Sai dai hanyar da aka buɗe ƙunƙuntacciya ce, kuma ya kamata a fahimce ta da kyau. Fursuna ba ya ɗaukaka ƙara a kan rukuninsa kamar yadda ake ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙaramar kotu. Abin da yake nema shi ne babbar kotu ta yi bitar matakin hukuma, kuma dole ya shigar da ƙarar cikin hanzari, kafin wata uku su cika. Alƙalin ba zai zauna ya auna ko mutumin nan mai haɗari ne ba. Tambayoyinsa su ne ko hukuma tana da ikon abin da ta yi, ko ta bi ƙa'idojin da ta gindaya wa kanta, ko ta yi adalci wajen sauraro, da kuma ko shawarar ta fita daga hankali har ta kai inda babu jami'i mai tunani da zai yanke irinta. Tambaya ta ƙarshe da wuya a ci nasara a kanta, saboda haka kusan duk gwagwarmayar ta tattara ne a kan adalcin hanya.

Karo na farko an yi shi ne a kan sanin abin da aka rubuta. A da, gandirobobi da masana halayyar ɗan Adam da jami'an tsaro na gidan yari sukan rubuta rahotanni a kan fursuna, a aika hedikwata, a dawo da amsa cewa yana nan a rukunin A, shi kuwa bai san abin da aka ce ba balle ya musanta. A shari'ar Duggan, a ƙarshen 1993, Mai shari'a Rose ya yi la'akari da cewa muddin mutum yana rukunin A, a aikace ba shi da wata damar saki, don haka shawarar ta taɓa 'yancinsa kai tsaye, kuma adalci ya wajabta a ba shi taƙaitaccen bayanin rahotannin kafin a yanke, a kuma gaya masa dalili bayan an yanke. Bayan 'yan shekaru, a shari'ar McAvoy, kotun ɗaukaka ƙara ta ce taƙaitawar ta wadatar, ba sai an miƙa rahotannin gaba ɗaya ba. Amma wanda ya taƙaita magana shi ke zaɓen abin da zai bari da abin da zai zubar. Wannan ya fito fili a 2003, lokacin da wani fursuna mai suna Lord ya bi ta wata ƙofa da ba a zata ba, wato dokar kare bayanan mutane ta 1998, wadda ta bai wa kowa damar ganin abin da hukuma ta ajiye a kansa. Mai shari'a Munby ya duba rahotannin ya gwada su da taƙaitawar da aka ba fursunan, ya tarar taƙaitawar ba ta nuna cewa ra'ayoyin masu rahoton sun rabu ba, ya kuma yanke cewa yana da haƙƙin ganin cikakkun rahotannin. Daga nan hukuma ta sauya tsarinta, ana ba fursuna rahotannin sai abin da aka riƙe saboda wani takamaiman dalili na tsaro.

Karo na biyu ya fi wuya, kuma har yanzu bai ƙare ba. Shi ne batun ko za a kira fursunan ya zauna gaban masu yanke shawara ya yi magana da bakinsa, lauyansa ya yi wa masu rahoto tambayoyi. Yadda tsarin yake, ana duba matsayin ɗan rukunin A sau ɗaya a shekara. Kwamitin gidan yarin da yake zaune yakan ba da shawara, wata tawaga a hedikwata ta duba takardu, amma ikon saukar da shi yana hannun wani babban jami'i ne kaɗai, kuma sharaɗin shi ne a sami gamsasshiyar hujja cewa haɗarin da zai jawo idan ya tsere ya ragu ƙwarai. Duk wannan a kan takarda ake yinsa. A shari'ar Williams ta 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta ga mutumin da ya maƙale tsakanin hukumomi biyu: hukumar saki ta saurare shi ido da ido ta ga ci gaba a tare da shi, amma ba yadda za a gwada shi a wuri mai sassauci, domin masu kula da rukunin A sun ƙi saukar da shi ba tare da sun saurare shi ba. Kotu ta ce a irin wannan yanayi na musamman dole a yi zaman sauraro.

A 2013 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke shari'ar Osborn, wadda ta shafi hukumar saki, kuma abin da Mai shari'a Lord Reed ya faɗa a ciki ya ba lauyoyin fursunoni ƙwarin gwiwa. Ya bayyana cewa amfanin sauraron mutum bai tsaya a kan samun shawara mai inganci ba, har da girmama shi a matsayin ɗan Adam mai hankali da kuma kauce wa ƙullacin da ke zama a zuciyar wanda aka yanke wa makoma ba a ji ta bakinsa ba. Ya ma tuno da maganar wani alƙalin Ingila a 1723, cewa ko Annabi Adamu sai da aka ji ta bakinsa kafin hukunci ya hau kansa. Mai karatu Bahaushe ba baƙon wannan ƙa'ida ba ne, domin ya san cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan, ya kuma san wasiyyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Sayyidina Ali da zai tura shi alƙalanci Yaman, cewa kada ya yanke hukunci sai ya ji daga ɗaya ɓangaren kamar yadda ya ji daga na farko. An yi zaton za a ɗauki hukuncin Osborn ɗungurungum a ɗora a kan rukunin A. Amma a 2017, a shari'ar Hassett da Price, kotun ɗaukaka ƙara ta ja burki. Mai shari'a Sales ya ce hukumar saki tamkar kotu ce mai zaman kanta, tambayarta kuma ita ce ko za a iya sarrafa haɗarin mutum a waje ƙarƙashin sa ido, alhali tawagar rukunin A wani sashe ne na gudanar da gidan yari, tambayarta kuma ita ce me zai faru idan mutumin ya tsere babu mai sa masa ido. Saboda haka, in ji kotun, zaman sauraro a wannan fanni zai ci gaba da zama abin da ba kasafai ake yi ba.

Na yarda cewa tambayoyin biyu sun bambanta, amma ban gamsu da inda aka kai bambancin ba. Idan amsar tambaya ta biyu ita ce ke kulle ƙofar tambaya ta farko, to wanda ke riƙe da mabuɗin bai kamata a sauƙaƙa masa sharuɗɗan adalci fiye da wanda ke tsaye a bakin ƙofar ba. Abin ya fi ciwo idan masana biyu suka saɓa, masanin hukuma ya ce haɗari na nan, wanda lauyan fursuna ya ɗauko ya ce ya ragu, sannan a raba gardamar a ofis ba tare da an tambayi ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kai ga matsayarsa ba.

Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne mai musun laifinsa. A ɗauki misalin mutumin da ya shafe shekara ashirin da biyar a tsare, gashinsa ya yi fari, babu wata rigima a fayil ɗinsa, amma tun ranar farko yana cewa bai aikata ba. Hanyar da aka fi yarda da ita ta nuna raguwar haɗari ita ce shiga darussan gyaran hali, waɗanda da yawansu an gina su ne a kan mutum ya zauna ya warware yadda ya aikata laifin da abin da ya kai shi. Idan ya ƙi, sai a rubuta cewa babu hujjar ya sauya. Idan ya amsa don ya samu sauƙi, ya yi wa kansa ƙarya, ya kuma rusa duk wata fatar wanke sunansa. Matsayin kotunan Ingila shi ne dole hukuma ta ɗauki hukuncin kotu a matsayin gaskiya, amma musu kaɗai bai isa ya zama shingen da ba a tsallakewa ba. Maganar tana da kyau a takarda, sai dai kyakkyawan hali a cikin gida mai tsananin tsaro ba a cika ɗaukarsa hujja ba, tun da ana cewa tsaron ne ya hana shi ɓarna. Labarin Andrew Malkinson, ko da yake ya fi shafar hukumar saki, ya nuna inda wannan tunani ke kaiwa. Mafi ƙarancin wa'adin da aka ɗibar masa bai kai shekara 7 ba, amma ya yi 17 yana musun fyaɗen da aka ɗaure shi a kai, sai a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna wani mutum dabam.

Ba zan yi wa hukuma rashin adalci ba, domin fargabarta tana da tushe. A watan Satumba na 1994 fursunoni shida, biyar daga cikinsu 'yan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, sun fita daga sashen da ake ganin ya fi ko'ina tsaro a Whitemoor ɗauke da bindigogi, suka harbi gandiroba, ko da yake an kamo su nan da nan. Mu ma a nan mun ga abin da ke faruwa idan wurin ajiya bai yi daidai da nauyin waɗanda aka ajiye ba, lokacin da aka fasa gidan yarin Kuje mai matsakaicin tsaro ranar 5 ga Yuli 2022, fursunoni sama da 800 suka fice, ciki har da gomman waɗanda ake tsare da su bisa zargin ta'addanci. Haka kuma yawancin bayanan sirri a gidan yari daga bakin wasu fursunoni suke fitowa, kuma wanda aka gano ya kai rahoto rayuwarsa na cikin haɗari. Amma wannan hanyar ita ce kuma mafi sauƙi ga mai son huce haushi a kan abokin gaba, don haka bayanin da ba a bari a gwada shi ba yana iya zama gaskiya, yana kuma iya zama ƙage.

Amurka ta bi wata hanya mai tsauri. A shari'ar Meachum da Fano ta 1976, wadda ta taso bayan tashe-tashen gobara a wani gidan yari na jihar Massachusetts, Kotun Ƙoli ta ce da zarar an ɗaure mutum bisa doka, jiha na iya ajiye shi a duk gidan da ta ga dama, kuma mayar da shi gida mafi tsanani bai wajabta sauraro a ƙarƙashin tsarin mulki ba. A 1995, a shari'ar Sandin da Conner, ta ƙara da cewa fursuna ba shi da abin kamawa sai idan matakin ya jefa shi cikin wahala mai tsanani wadda ta fita daga abin da aka saba a zaman kurkuku, kuma ta ga cewa kwana 30 a ɗakin kaɗaici bai kai wannan mizani ba. Sai a 2005 aka ga abin da ya kai, a shari'ar Wilkinson da Austin, game da gidan yari mafi tsananin tsaro na jihar Ohio. A can fursuna yana yin awa 23 kullum shi kaɗai a ɗaki mai faɗin ƙafa 7 da tsawon ƙafa 14, fitila ba ta mutuwa dare da rana sai dai a rage haskenta, ƙofar ƙarfe ce da aka toshe gefunanta don kada murya ta kai maƙwabci, ba a sa ranar fita ba, kuma shiga wurin na soke damar sakin talala. Alƙalan tara duka sun yarda cewa wannan ya taɓa 'yanci. Amma da aka zo kan abin da ya wajaba a yi wa mutumin, sai suka ce sanarwa da taƙaitaccen dalili da damar mayar da martani sun wadatar, ba sai ya kira shaidu ba.

Kanada ce ta fi buɗe ƙofa, kuma ta yi haka ne da tsohuwar ƙa'idar da lauyoyi ke kira habeas corpus, wato umarnin a kawo wanda ake tsare da shi gaban kotu a nuna halaccin tsarewar. Tun 1985 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince cewa akwai kurkuku a cikin kurkuku, kuma ɗan abin da ya rage wa fursuna na 'yanci shi ma doka na kare shi. Amfanin wannan hanya shi ne sauri, da kuma cewa da zarar fursuna ya nuna an ƙara ƙuntata shi ya kuma kawo dalilin shakka, nauyin kare matakin yana komawa wuyan hukuma. A shari'ar May da gidan yarin Ferndale ta 2005, an mayar da wasu masu ɗaurin rai da rai daga gida mai sassauci zuwa mai matsakaicin tsaro bisa makin da wani ma'aunin kwamfuta ya ba su, aka kuma ƙi nuna musu yadda ake lissafin makin, sai kotu ta ce mayarwar haramtacciya ce. A 2018 wani fursuna ɗan al'ummar Metis, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar, mai suna Jeffrey Ewert ya kai maganar mataki na gaba, inda ya nuna cewa ma'aunan da ake auna haɗarinsa da su ba a tabbatar suna aiki daidai a kan 'yan asalin ƙasar ba, kotu kuma ta ce hukuma ta saɓa wa dokar da ta wajabta mata tabbatar da ingancin bayanan da take amfani da su. Yayin da ma'aunai irin waɗannan ke ƙara yawa a gidajen yarin duniya, ina ganin nan ne shari'o'in gaba za su fi zafi, domin gandiroba ana iya yi masa tambaya ya amsa, amma lissafin da aka ɓoye ba shi da bakin da za a tuhuma.

Duk waɗannan haƙƙoƙi suna buƙatar lauya, fursuna kuwa ba shi da kuɗi. A watan Disamba na 2013 gwamnatin Birtaniya ta janye tallafin lauya kyauta daga yawancin ƙorafe-ƙorafen gidan yari, ciki har da bitar rukunin A, abin da ya bar mutanen da wasunsu ba sa iya karatu sosai, wasu kuma ke fama da taɓin hankali, su yi jayayya da rahotannin masana su kaɗai. Ƙungiyoyi biyu masu kare fursunoni, Howard League da Prisoners' Advice Service, suka kai ƙara, kuma a watan Afrilu na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce janyewar ta haifar da rashin adalci a cikin tsarin kansa a fannoni uku, bitar rukunin A na ciki, aka dawo da tallafin a 2018.

Ko wanda ya samu lauya ya kuma ci nasara, abin da yake samu yana da iyaka, domin kotu takan soke shawarar ne ta ce a sake, hukuma kuma tana iya sakewa ta hanyar da ta dace ta dawo kan amsarta ta farko. Shari'ar Khela a Kanada misali ce. A 2010 an ɗauke shi cikin gaggawa daga gidan yarin Mission mai matsakaicin tsaro zuwa na Kent mai tsananin tsaro, bayan an daɓa wa wani fursuna wuƙa, bisa bayanan wasu majiyoyi da ba a gaya masa komai game da sahihancinsu ba. Kotun lardin da gidajen yarin suke ta ba da umarnin a mayar da shi Mission, kuma a 2014 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa an tauye masa haƙƙi, ta kafa ƙa'idar da fursunonin Kanada ke dogaro da ita har yau, cewa hukuma za ta iya riƙe bayani ne kawai gwargwadon abin da tsaro ya tilasta, kuma dole ta nuna wa alƙali dalilinta. Shi Khela kansa, tun a shekarar 2010 shugaban gidan yarin ya sake yanke sabuwar shawara a kansa, aka mayar da shi Kent, shekaru kafin Kotun Ƙoli ta furta hukuncinta.